ƊAN HAKIN DA KA RAINA: SAKA DISTIRIBITA BAYAN AN ƊAURE INJIN

Wannan shi ne jawabin da Editan jaridar nan ya yi a garin Daudawa, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, a gaban direbobi da masu motocin haya da kanikawa da yaran gareji. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Iyayenmu masu ƙasa, ranku ya daɗe. Malamai, Allah Ya gafarta muku. Shugabannin direbobi, iyayen gida kanikawa, yaran gareji, da sauran jama'a da suka zo daga Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ina yi muku barka da zuwa.

Yanzu kaka ta ƙarato. Nan da ɗan lokaci za a shiga jigilar masara da dawa da waken suya da auduga zuwa Funtuwa da Ɗandume da Sheme. Kowane mai mota yana son tasa ta kasance a kan titi. Shi ya sa idan ka leƙa gareji a irin wannan lokaci za ka tarar da injuna a ƙasa, an sauke su ana yi musu ringi.

Mutum zai sayar da buhunan hatsi, wani ma har da sa, ya sayi fistin da ringi da metal da gasket. Bakanike ya yi kwana da kwanaki yana aiki. To, idan an gama ɗaure injin, akwai ɗan aikin da ke saura wanda bai cika ɗaukar awa ɗaya ba, watau saka distiribita. A nan ne kowa ke gajiya, a nan ne mai mota ke cewa, "Oga, a yi sauri mana." A kan wannan ɗan aiki zan yi magana yau, domin shi ke iya ɓata duk abin da aka kashe.

ABIN DA YA SAME NI

Ni ba bakanike ba ne. Abin da ya kai ni ga neman sanin wannan abu, wuya ce na sha.

Ina da tsohuwar Peugeot 504 da na gada wajen mahaifina. A kakar 2018 na kai ta wani gareji aka sauke injin. Ranar da za a gama ina da tafiya, sai na tsaya a kan bakaniken ina ta matsa masa. Da ya ga na dame shi, sai ya bar wa yaronsa saka distiribita, shi kuma ya koma kan wani aiki. Yaron ya ga sandar distiribitar tana motsi sama da ƙasa da yawa. Ya laluba cikin gwangwanin tarkace, ya samo wata washa mai kauri irin ta noti, ya cusa. Motsi ya tsaya cik. Ni ma na ji daɗi, na ce yaro ya iya aiki.

Mota ta tashi lafiya. Na kama hanya. Da injin ya ɗauki zafi sosai, sai kawai ta mutu mini a tsakiyar daji, ga magariba ta kawo jiki, ga iyalina a ciki. Kun san abin da tsayuwa a daji da almuru ke nufi a wannan yanki namu a shekarun nan. Allah Ya sa wani mai akori-kura ya ja mu zuwa gari. Da aka buɗe washegari, sai aka ga sandar ta cije, ɗan fil ɗin da ke riƙe da gindinta ya karye.

Ban ga laifin yaron ba kamar yadda na ga nawa. Ni na hana a auna. Daga ranar na shiga zama da tsofaffin kanikawa ina tambaya, ina kuma duba littattafan gyaran mota. Abin da na samu shi na kawo muku.

MENE NE AIKIN DISTIRIBITA?

Injin fetur irin na motocinmu yana da silinda huɗu. A cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka. Fistin yana zuƙo fetur da iska, ya matse su, sai fulogi ya ba da tartsatsin wuta, su kama, su tura fistin ƙasa da ƙarfi. Daga nan ya sake hawa ya kori hayaƙi.

Batir yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 12. Kwayil yana ɗaga ta ta haura bolt 10,000. Distiribita kuwa ita ce mai rabo. Ita ke miƙa wa kowane fulogi wutarsa a daidai lokacinsa.

Ku ɗauka mata huɗu ne ke daka a turmi ɗaya. Kowace tana da lokacin da za ta saki taɓaryarta. Idan ɗaya ta riga, ko ta makara, sai taɓare su gwabza, hatsi ya zube. Haka injin yake. Bambancin kawai shi ne sauri. Idan injin yana juyi 3,000 a minti ɗaya, distiribita tana raba wuta sau 100 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan daidaiton lokaci shi kanikawa ke kira taimin.

Wannan dabara ta daɗe. Wani Ba'amurke mai suna Charles Kettering ne ya fito da tsarin batir da kwayil da kwantak wajen 1910. Da irinsa aka riƙa haɗa Peugeot 504 a Kaduna tun daga 1975. Ita kuwa Volkswagen Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1991, tana da distiribita amma babu kwantak a cikinta, wata 'yar na'urar lantarki ce ta maye gurbinsa. Sababbin motoci na yanzu ba su da distiribita sam, kwamfuta ke raba musu wuta. Amma motocin da ke ɗauko kayanmu daga gona, da masu kai marasa lafiyarmu asibiti, da yawansu har yau da distiribita suke aiki.

KAFIN A SAKA TA

Aikin yana farawa ne tun ranar da za a sauke injin. Bakanike mai hankali yakan sa alama da fenti kafin ya zare distiribita. Alama ɗaya a inda bakin rota ke kallo, ɗaya kuma a inda jikinta ya haɗu da injin. Wayoyin fulogi ma a ɗaura musu lamba. Wannan aikin minti biyu ne, amma yana hana wahalar yini guda.

Ranar sakawa, a cire kan batir tukuna, a sa giya a firi, a ja birkin hannu.

Sai a nemo fistin na ɗaya. A nan akwai tarko. A Golf ana fara ƙirga silinda daga wajen bel. A Peugeot 504 kuwa daga wajen giyabos ake farawa. Yaron da ya koyi aiki a kan ɗaya, idan bai tambaya ba, zai yi kuskure a kan ɗayar.

A kwance fulogin silinda ta ɗaya, a toshe ramin da babban yatsa, wani ya riƙa juya injin da sifana a hankali. Idan ka ji iska tana ture yatsanka, to fistin yana hawan matsa iska ke nan. A ci gaba da juyawa har alamar da ke jikin fuli ko filawil ta zo daidai da alamar da ke jikin injin.

Me ya sa sai an sa yatsa, tun da ga alama? Dalili shi ne, sai karanshaf ya yi juyi biyu kafin distiribita ta yi ɗaya. Saboda haka alamar tana zuwa daidai sau biyu. Sau ɗaya fistin ya matse fetur yana jiran wuta. Sau ɗaya kuma hayaƙi ya gama kora. Idan aka saka distiribita a kan na biyun, mota ba za ta tashi ba. Sai dai ku ji tana atishawa ta kafireto, ko tana harbi ta salansa. Sau da yawa akan kashe batir a banza ana ta ba da kiyi, alhali wannan ne kawai ciwon.

ZAMAN DA ZA TA YI

Gindin distiribita ba a banza yake shiga cikin injin ba. A injuna da yawa yana da alaƙa da famfon baƙin mai.

A wasu Golf masu bawul takwas, gindin distiribita yana da giya mai haƙora, kuma ƙarƙashinsa akwai tsaga wadda ke kama kan sandar famfon baƙin mai. Watau distiribita ce ke juya famfon. A 504 kuwa sanda ɗaya ce ke karɓar juyi daga kamshaf, ƙasanta yana juya famfo, samanta yana juya distiribita. Tsagar da ke samanta ba a tsakiya take ba, an ɗan karkatar da ita gefe, domin distiribita ta shiga ta fuska ɗaya kawai. Idan aka kuskure haƙori ɗaya wajen mayar da wannan sanda lokacin ɗaure injin, rota zai kalli inda bai kamata ba.

Haƙoran giyar nan a karkace suke, kamar murɗin igiya. Saboda haka idan distiribita mai giya tana sauka, za ku ga rota yana ɗan juyawa da kansa. Sai a fara daga ɗan baya kaɗan, yadda idan ta gama zama, bakin rota zai tsaya daidai wayar silinda ta ɗaya. A distiribitar Golf akwai 'yar tsaga a bakin jikinta mai nuna wurin.

Ga doka wadda nake so kowane yaron gareji ya riƙe. Distiribita da hannu take zama. Idan ta sauka ta tsaya, saura kaɗan ta taɓa jikin injin, to tsagar ba ta haɗu da sandar famfo ba. A zare ta, a sa doguwar sukurudireba a juya sandar famfon kaɗan, a sake gwadawa. Kada a buga ta da guduma. Kada a ɗaure noti da ƙarfi don ya ja ta ƙasa. Wanda ya yi haka zai karya kan sandar, ko ya danne famfon. Injin da famfonsa bai juya ba kuwa, cikin 'yan mintoci zai buga, sabon metal da sabon ringi su tafi a banza.

A kuma sa sabuwar roba ko sabon gasket a wuyanta, don kada baƙin mai ya riƙa tsiyaya.

MAGANAR SHIM

Yanzu mun zo kan abin da ya kayar da ni.

Ka riƙe distiribita a hannu, ka kama sandarta ka ja sama, ka tura ƙasa. Za ka ji ɗan motsi. Wannan motsi da gangan masu ƙera ta suka bar shi. Ana daidaita shi da wata siririyar washa ta ƙarfe mai tauri, wadda kanikawa ke kira shim. Tana zama tsakanin jikin distiribita da giyar da ke gindinta. Akwai mai kaurin takarda ɗaya, akwai mai kaurin biyu ko uku.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen injin niƙa ya san wannan magana. Idan mai injin ya sassauta faranti da yawa, gari ya fito da tsaki. Idan ya matse da yawa, faranti ya ci ɗan'uwansa, gari ya ƙone. Gwaninta tana tsakani.

Idan motsin ya yi yawa, ga abin da ke faruwa. Tun da haƙoran giya a karkace suke, duk lokacin da sanda ta ɗaga sama ko ta sauka, sai ta ɗan juya. Da ta juya, taimin ya gusa. Ka taka totur ya tafi wani wuri, ka saki ya dawo wani wuri. Bakanike zai saita mota da safe, da yamma ka dawo masa da ita. Silo ba ya tsayawa, mota tana shan mai, haƙoran giya suna cinyewa.

Idan kuma babu motsin ko kaɗan, to an bar wa zafi aiki. Jikin distiribita na alminiyam ne, sandarta kuwa baƙin ƙarfe. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe miƙewa idan ya ji zafi. Abin da ke juyawa lafiya da safe injin yana sanyi, idan an yi tafiya sai ya matse, baƙin mai ya kasa shiga, sanda ta cije. Abin da ya faru da ni ke nan.

Yaya za a san daidai? Da awo. Akwai ma'aunin rata mai siraran ganyayyakin ƙarfe, kowane da lambarsa a jiki, kanikawa suna kiransa fila gej. Ana zura ganyen a ratar da ke tsakanin giya da jikin distiribita. Littafin kowace mota ya faɗi adadin da ake so. A yawancin injuna bai wuce rabin milimita ba. Takardar littafin rubutu kaurinta kusan 0.1 ne na milimita, watau ana maganar kaurin takarda biyu zuwa biyar. Ido ba ya iya raba wannan, yatsa ma haka.

Akwai wuri na biyu da ake sa shim. Wani lokaci wajen gyaran injin akan kai shi a aske fuskar ƙarfen da ta lanƙwashe. Idan askin ya shafi inda distiribita ke zama, ko kuma aka sayo wata distiribitar ta hannu wadda tsawonta ya ɗan bambanta, sai ta nutse fiye da da. Gindinta ya je ya danne sandar famfo. Gwajin mai sauƙi ne. Bayan ta zauna, kafin a ɗaure, a kama sandar daga sama a ɗaga. Idan tana motsi a hannu amma da aka saka ta motsin ya ɓace, to ta taka ƙasa. Sai a sa shim a ƙarƙashin wuyanta a ɗaga ta kaɗan, har motsin ya dawo. Kada kuma a ɗaga ta wuce kima, don kada ta saki sandar famfon.

Abu biyu zan ƙara. Na ɗaya, shim ba a yanko shi daga gwangwanin madara, ba a kuma ɗauko washar noti. Gwangwani yana da laushi, zai cinye, garinsa ya bi baƙin mai. Shim na gaskiya ana samunsa wajen masu sayar da kayan gyara, ko a ciro shi daga tsohuwar distiribita irin wannan. Na biyu, idan sandar gefe da gefe take girgiza, wannan ba ciwon shim ba ne. Bushin ne ya cinye, sai a canja shi ko a canja distiribitar.

TAYAR DA INJIN

Idan motar mai kwantak ce kamar 504, a saita buɗewar kwantak da fila gej a kan 0.4 na milimita, a ɗan shafa giris kaɗan a inda yake gogawa. A duba murfi da rota, kada a ga tsagewa ko ƙuna.

Sai wayoyi. Jerin wutar waɗannan injuna shi ne 1, 3, 4, 2. A fara daga inda rota ke kallo, a bi ta fuskar da yake juyawa.

A tabbata an zuba baƙin mai da ruwa. Da injin ya tashi, idon kowa ya koma kan jar fitilar baƙin mai da ke gaban direba. Dole ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Idan ta ƙi mutuwa, a kashe injin nan take. Kada a ce bari ya ɗan yi zafi mu gani.

Idan injin ya ɗumama, sai a saita taimin. Kanikawa da yawa da kunne suke yi, kuma akwai gwanaye. Amma sabon injin ya cancanci fitilar taimin. Ana haska ta a kan alamar, sai a ga alamar kamar ta tsaya. A juya jikin distiribita kaɗan kaɗan har alamar ta zo inda littafi ya ce, sa'an nan a ɗaure. Idan alamar tana rawa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, to akwai sauran motsi a sanda ko giya, a koma a duba. A yi hankali da fanka da bel, kuma kada a kama wayar fulogi injin yana aiki.

Direbobi, ga alamun da za ku lura da su a hanya. Idan wuta tana riga lokaci, za ku ji ƙara kas-kas-kas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawa da kaya. Wannan ƙara tana iya huda fistin. Idan wuta tana makara, mota ba ta da ƙarfi, tana zafi, tana shan fetur. Ko wanne kuka ji, ku koma gareji tun abin bai yi nisa ba. Kuma sabon injin ba a labta masa kaya ranar farko. A bi shi a hankali, a juye baƙin mai bayan kamar kilomita 1,000.

GA MASU MOTA DA IYAYEN GIDA

Alhaji mai mota, ba sai ka iya riƙe sifana ba. Tambaya huɗu ta ishe ka. Oga, an sa yatsa an tabbatar da fistin na ɗaya? Da hannu ta zauna ko da ƙarfi? An auna motsin sandar, nawa aka samu? Fitilar baƙin mai ta mutu da wuri? Bakaniken kirki ba zai ji haushi ba, zai ma san da wanda yake hulɗa. Idan ya ce ka dawo gobe, ka dawo goben. Kasuwa ɗaya da za ka rasa ba ta kai kuɗin injin ba.

Iyayen gida kanikawa, ku kuka san aikin nan fiye da ni. Roƙona shi ne, kada ku bar wa yaro wannan mataki shi kaɗai don kuna ganin ƙarami ne. Ku tsaya a kansa, ku nuna masa lambobin da ke jikin fila gej, ya karanta muku da bakinsa. Kuɗin fila gej bai kai na galan ɗin baƙin mai ba. Fitilar taimin kuwa, gareji uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya.

Ku kuma samari masu koyo, idan abu ya ƙi shiga, akwai dalili. Ku ajiye guduma ku kira oga. Tambaya ba ta rage wa mai koyo daraja.

Har yau ina ajiye da waccan washa a aljihun tebur ɗina. Ga ta nan na zo da ita. Idan an tashi, duk mai so ya zo ya gwada kaurinta da na shim na gaskiya, ga fila gej na ajiye kusa da su.

 Allah Ya ba mu kaka mai albarka, Ya kiyaye hanyoyinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.